Kaka, 'Yar Raino ko Gidan Renon Yara: Hannun Wa Za a Bar Yaro a Damagaram?

Dokar ƙwadago ta Nijar ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, kuma 8 daga cikinsu ne kawai suke zuwa bayan ta sauka. Idan aka cire kwanakin wankan jego, abin da ya rage mata bayan arba'in bai wuce kwana 16 ba ta koma bakin aiki, alhali jaririn bai ko cika wata biyu ba. Wannan ma ga mai albashi ke nan. Mai sayar da kayan miya a Kasuwar Dole ba ta da hutun da wata doka ta rubuta mata, haka ita ma ɗalibar Jami'ar André Salifou da jarrabawa ta riska da goyo. Dukansu tambaya guda ce take hana su barci: a hannun wa za a bar yaron daga safe zuwa dawowa? A garin nan amsar ba ta cika wuce uku ba, wato kaka ko wata dattijuwar dangi, ko 'yar raino da ake ɗauka a gida, ko kuma gidan renon yara na kuɗi, wanda muka fi sani da gardari.

Kafin a kai ga kwatanta su, akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar, domin mutane da yawa suna haɗa gardari da jardan, wato makarantar share fagen firamare, kamar abu ɗaya ne, alhali tun asali ba uwarsu ɗaya ba. Gidan reno na farko irin na zamani an buɗe shi ne a birnin Paris a 1844, lokacin da Firmin Marbeau ya ga mata talakawa masu fita aiki ba su da inda za su ajiye jariransu. Manufarsa tsaro ce da ciyarwa da tsabta, don uwa ta samu ta nemi abinci. Shi kuwa jardan, tushensa Jamus ne, inda Friedrich Fröbel ya raɗa wa makarantarsa sunan lambun yara a 1840, bisa tunanin cewa yaro ta hanyar wasa yake koyo. A tsarin ilimin ƙasarmu, wanda dokar 1998 ta shimfiɗa, matakin share fagen firamare na 'yan shekara 3 zuwa 5 ne. Saboda haka wanda ya kai ɗan wata takwas gardari reno ya je saye, wanda kuma ya kai ɗan shekara huɗu jardan shiri ya je nema, kuma ma'aunin da za a auna kowanne daban yake. Masu gidajen kuɗi sukan haɗa biyun a gida ɗaya ƙarƙashin allo ɗaya, shi ya sa iyaye suke biyan kuɗin karatu ga yaron da ba ya bukatar komai sai goyo da hira.

A fara da kaka, tunda ita ce gidan renon da Bahaushe ya gada. Al'adarmu ta riga ta ba ta wannan matsayi: wurinta ake goyon ciki, ita take tsayawa kan wankan jego, kuma wurinta ake kai yaro yaye. Ina da gwaggo a unguwar Birni wadda jikoki huɗu suka tashi a kan cinyarta, kuma na sha zama ina kallon yadda take yi da na ƙarshensu. Tana zaune a tabarma cikin ɗakin ƙasa mai kaurin bango, wanda ko a watan Afrilu sanyinsa ya fi na ɗakin kwano, tana tsinkar zogale, yaron yana jingine da ƙafarta, bakinta kuwa ba ya hutawa. "Maigidana, yau ma ba ka ba da kuɗin cefane ba, da me zan yi maka miya?" Yaron ya yi gwaranci, ta ce, "Au, haka ka ce? To Allah Ya hore." Ta miƙa masa ganye ta faɗi sunansa, akuya ta yi kuka ta tambaye shi wa ke kiransa. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma abin da take yi shi ne ainihin abin da masana tarbiyyar yara suke horar da ma'aikata su iya, wato a yi wa yaro magana, a jira ya mayar, a amsa masa.

Akwai bincike sananne da ya nuna nauyin wannan. A ƙasar Jamaika, a shekarun 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 waɗanda tamowa ta tsumburar, aka riƙa tura wa wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya gida sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 da aka sake bibiyarsu, waɗanda aka yi wa wannan ziyara abin da suke samu a sana'a ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Babu gini a cikin wannan labari, babu allo, babu rigar makaranta. Wannan ne ya sa nake ganin cewa ga yaron da bai kai shekara biyu ba, kaka mai lafiya mai son aikin tana gaban kowane gidan kuɗi da na sani.

Sai dai wannan sharaɗi na lafiya da son aiki ba ƙarami ba ne. Jariri na goye abu ne mai sauƙi ga tsohuwa, amma ranar da ya fara rarrafe ya kama tafiya, gwiwar 'yar shekara saba'in ba za ta cim masa ba, ga murhu a tsakar gida, ga randa da bokitin ruwa a buɗe, ga ƙofar zaure da take kallon hanyar 'yan kabu-kabu. Sannan akwai abin da ya fi wannan wuyar faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri nono zalla zai sha har wata 6, ko ruwa ba a ba shi, amma tsohuwar da ta raini 'ya'ya tara da bauri da ruwan randa ba za ta ga dalilin barin jariri da ƙishi cikin zafin bazara ba. Idan mahaifiyar matar ce, ana iya yin gardama a shirya. Idan kuwa suruka ce, kunya ta ɗaure bakin uwar yaro, domin gardari ana iya barinsa a ƙarshen wata, amma ba a sallamar uwar miji. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a roƙi Hajiya ta raka a je awon yaro, ta ji bayanin daga bakin ma'aikaciyar lafiya da kanta, ko kuma ɗanta ya faɗa mata cikin ladabi, tunda maganarsa ba za ta zama raini ba.

Wani abin lura kuma shi ne, a gidaje da yawa sunan kaka ne kawai a kan renon, aikin kuwa yana kan wata yarinya 'yar shekara tara ko goma, yayar yaron ko 'yar riƙo, wadda ake sa wa goyo ta wuni da shi, wani lokacin har da farantin talla a ka. Wannan reno ba kyauta ba ne, da karatun yarinyar ake biyansa. A wani gwaji da aka yi a ƙauyukan lardin Gaza na ƙasar Mozambik, inda aka buɗe makarantun share fage na al'umma, an tarar cewa ba ƙananan kaɗai suka amfana ba, yayyensu ma sun ƙara zuwa makaranta, masu kula da su kuma sun ƙara samun damar fita neman kuɗi. Don haka duk wanda zai ce zai bar ɗansa gidan kaka, ya tambayi kansa tsakani da Allah wa zai riƙe yaron da ƙarfe goma na safe.

Zaɓi na biyu shi ne 'yar raino, kuma shi ne ya fi yawa a gidajen ma'aikata saboda sauƙinsa. Yaro yana gidansu, a shimfiɗarsa, ba a fita da shi cikin ƙurar hunturu da sanyin asuba, ba ya kwasar murar yaran mutane, kuma ranar da aiki ya riƙe uwa har magariba babu mai kiranta a waya cewa za a rufe ƙofa. Amma a dubi wadda ake ɗauka. Galibi yarinya ce da aka kawo daga ƙauye, wani lokaci ba ta kai shekara 14 ɗin da doka ta sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun aiki ba, an ɗora mata shara da wanke-wanke da wanki da ɗora sanwa, sannan a ce ga jariri. Abin da ake ba ta a wata kowa ya san bai kama ƙafar jaka 42 na albashi mafi ƙanƙanta ba. Da damina ta faɗi ta koma gida noma, ko a aiko cewa an sa ranar aurenta, sai a kawo wata, yaron ya sake sabon sabo. Ɗan shekara ɗaya da aka canza wa hannu sau uku cikin shekara yana nuna abin a jikinsa, da yawan kuka da manne wa uwa da ƙin barci. Babban raunin wannan zaɓi kuwa shi ne rashin shaida, domin daga fitar masu gida har dawowarsu babu babba ko ɗaya da ya ga abin da ya faru, yaron kuma bai iya magana ba balle ya ba da labari. Ba mugunta nake zargin yaran nan da ita ba, yarinta ce, kuma ita kanta mai renon tana bukatar mai kula da ita.

Lissafin yana canzawa gaba ɗaya idan mai renon babbar mace ce wadda ta haifa ta raina, aka rage mata aikin gida, aka biya ta abin da zai zaunar da ita shekara biyu ko uku. Irin wannan tana kusa da kaka a daraja, har ta fi ta ta wani gefen, tunda ana iya gindaya mata sharaɗi ba tare da an ɓata zumunci ba. Samunta ne da wuya, kuma kuɗinta ba zai gaza na gardari ba.

Gidan renon kuɗi yana da abin da waɗancan biyun ba su da shi: idanu da yawa, lokaci tsayayye, wuri da aka tanada domin yara, da kuma damar uwa ta yi ƙorafi a matsayin mai biya. Amma duk wannan ya rataya ne ga abu ɗaya, wato yawan hannuwa. A Faransa, inda muka kwaso tsarin, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce babba ɗaya ga jarirai 5 da ba su fara tafiya ba, ko babba ɗaya ga yara 8 masu tafiya. Wanda ya taɓa riƙe tagwaye ya san ko biyar ɗin ma jan aiki ne. Na taɓa raka ƙanwata duba wani gida a wata unguwa da ba zan ambata ba. Da safe muka fara zuwa, muka tarar da bango ya sha fenti da hoton giwa da haruffa, mai gidan ta tarbe mu da fara'a ta nuna mana lilo. Bayan kwana biyu na koma ni kaɗai wajen ƙarfe ɗaya saura, ba tare da sanarwa ba. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, na ƙirga yara goma sha tara a ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da mace ɗaya da wata yarinya mai taya ta. Jarirai biyu suna kuka a katifa, tantin, wato mai renon, tana canza wa na uku kunzugu, ta gama ta goge hannu a zane ta ɗauki cokalin kunun wani. Da na tambayi inda ake wanke hannu, sai ta nuna mini bido biyu a bakin ƙofa, ɗaya babu komai, ta ce mai garuwa bai zo ba tukuna. Ban ga laifin matar ba, hannu biyu Allah Ya ba ta.

Maganar ruwa a Damagaram ba sai an yi wa kowa bayani ba, kuma a gidan reno ita ce kan gaba, domin inda aka tara yara masu kunzugu babu ruwa da sabulu, gudawa daga ɗaya take zagaye ɗakin. Ko a gida mai tsabta ma, yaron da ya fara shiga cikin yara zai yi ta mura da tari a watannin farko fiye da wanda yake gida, wannan sananne ne kuma yakan lafa. Abin da ba a wasa da shi shi ne rigakafi. Allurar ƙyanda sai a wata 9 ake yin ta farko, ke nan jaririn da bai kai nan ba kariyarsa tana ga sauran yaran, shi ya sa gidan da bai nemi ganin karnen rigakafin ɗanki ba, ki sani bai nemi na kowa ba. A tambaya kuma me suke yi idan yaro ya zo da zazzaɓi, ko suna mayar da shi gida ko suna kwantar da shi cikin sauran, musamman da damina lokacin zazzaɓin cizon sauro da kuma rani lokacin sanƙarau.

Shayarwa ma tana da hukunci a kan wannan zaɓi. Doka ta ba mai shayarwa hutun da ya kai awa ɗaya a kowace ranar aiki har yaro ya shekara, amma awa ɗaya ba ta isa a je unguwar Zango daga wani gefen gari a shayar a dawo. Nonon da aka tatsa kuwa, awa 4 ɗin da ake cewa yana yi a ajiye ba tare da firji ba an ƙiyasta shi ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40, ga wuta ba tabbas. Saboda haka ga jariri ɗan ƙasa da wata shida, kusanci da wurin aikin uwa ya fi kyan gini muhimmanci, ko gardari ne ko gidan dangi. Gidan 'yar uwa mai tazarar minti biyar da ofis ya fi gidan kaka da yake wancan ƙarshen gari.

Ta fuskar kuɗi, kuskuren da aka fi yi shi ne a kwatanta kuɗin wata na gardari da albashin 'yar raino a tsaya nan. Gardari yana da kuɗin rajista, da kabu-kabu zuwa da dawowa, da abincin da za a ƙunsa wa yaro kullum, da kunzugun kanti tunda ba za su wanke na tsumma ba, sannan a tambaya ko suna rufewa a dogon hutun damina, domin wanda yake bin kalandar makaranta zai bar uwa da yaro a hannu wata uku alhali ofis bai rufe ba. 'Yar raino tana da ci da sutura da magani da kuɗin mota zuwa gida. Kaka ma ba a barin ta haka, akwai cefane da sabulu da turmin zane na salla, kuma maigidan da ya ɗauka renon uwarsa kyauta ne zai ga alamar gajiya ba da jimawa ba.

Daga shekara uku kuwa, ma'auni yana juyawa. Yaro ya iya magana, yana iya faɗin abin da aka yi masa, ya bar kunzugu, kuma yanzu abin da yake nema shi ne sa'o'insa: ya koyi jiran layi, da karɓa-karɓa a wasa, da sauraron babban da ba na gidansu ba, da riƙe alli. A gidan gandu mai yara goma wani ɓangare na wannan yana samuwa a tsakar gida, amma ɗan ma'aikacin da yake zaune a gidan haya shi kaɗai da talabijin yana bukatar jardan sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana, wanda bai kai biyu ba kuma gara kada ya kalla sam, ga shi kuwa a gidaje da yawa waya ita ce mai reno ta huɗu. Akwai kuma batun harshe, domin ko da yake kundin tsarin ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, karatun firamare har yanzu mafi yawansa da Faransanci ake yi, kuma yaron da kunnensa ya saba da shi kafin ajin farko ba ya firgita kamar wanda ya fara jin sa ranar. Amma kada a ruɗu da haddar waƙoƙin Faransanci da ake sa yara su rera ranar biki. Jardan mai kyau shi ne wanda malamar take yi wa yara bayani da Hausa, tana shigo da Faransanci sannu a hankali, tana barin su su yi gini da ƙasa su yi tambaya. Wanda ake zaunar da ɗan shekara uku a benci awa huɗu yana kwafar haruffa, da bulala a kan tebur, firamare ce aka kawo masa tun lokaci bai yi ba.

Ba a kuma bukatar wuni guda. Shirin Perry da aka fara a jihar Michigan ta Amurka a 1962, wanda ake yawan kafa hujja da shi kan amfanin makarantar share fage, awa biyu da rabi ne kawai da safe, malama ɗaya ga yara biyar ko shida, tare da ziyarar gida kowane mako. Wannan ya yi daidai da yadda rayuwarmu take: jardan da safe, a dawo gidan kaka a ci tuwo a yi barcin rana, da la'asar a bi yayye makarantar allo ko Islamiyya. Ita makarantar allo tana da nata gurbin da babu mai cike shi, sai dai ba wurin ajiyar ɗan shekara biyu ba ce, malam ɗaya da almajirai masu yawa ba zai iya bin wanda ya sulale ya nufi titi ba.

Idan aka tambaye ni jerin fifiko ga ɗan ƙasa da shekara biyu, kaka mai ƙarfi wadda ta karɓa da son ranta ita ce ta farko, sai babbar mace mai reno a gida, sai gardari mai isassun hannuwa da ruwa, kuma irin wannan gardarin na fifita shi nesa ba kusa ba a kan barin jariri da yarinya ƙarama su biyu a gida rufe. Tsakanin shekara biyu da uku ana iya haɗawa, rabin wuni can rabin wuni nan. Wanda ya yanke shawarar gardari ya je sau biyu, na biyun da tsakar rana ba tare da ya sanar ba, ya ƙirga yara ya ƙirga manya, ya leƙa banɗaki da wurin ajiyar ruwa, ya tambayi tantin da take ɗakin jarirai tun yaushe take aiki a nan, domin gidan da ma'aikatansa suke canzawa kowane wata uku ciwonsa ɗaya da na 'yar raino mai komawa ƙauye. Ya tambayi kuma wa ake miƙa wa yaro in an tashi, ko duk ɗan kabu-kabun da ya zo ya faɗi suna. A fara kai yaron mako guda kafin hutun uwa ya ƙare, awa ɗaya ranar farko tana zaune a gefe, awa biyu washegari ta fita ta dawo, kuma a bar masa zanen goyonta mai ƙamshin jikinta ya riƙa kwanciya a kai.